Faifan Auta, Kada a Goge

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na saye ta. Rikoda mai faifai biyu, wadda zare ke tashi daga faifan hagu ya bi ta ƙasa ya naɗe a na dama, irin wadda Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana juyawa a gidan rediyo. A ƙuryar shagon mai kayan gwanjo na same ta, an ɗora mata fanka marar kai da tsofaffin takalma. Mutumin ya ce sai dai in saya a yadda take, shi rabon da ya ji ta yi ko tari tun kafin ya yi aure. Na ce to ashe gawa kake sayar mini, sai ka yi mini kuɗin gawa. Muka ja, muka ja, har ya ɗaga hannu ya ce, "Baiwar Allah, ɗauki ki tafi, kin fi ni baki." Ya yi mini gyara da faifan kiɗa guda da wani fanko wanda babu zare a kansa.

Nauyinta ya ninka na kan keken ɗinkina. Ta ƙofar baya na shigo da ita, na ajiye a ɗakin da nake kwana, tunda yanzu a gidan Baba nake kwana.

Baba ya sha shayi rabin kofi. Bai ce komai ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Likitar magana ta zo. Talata da Juma'a take zuwa, da jakarta cike da hotuna: kofi, ƙofa, kujera. Ta nuna masa, ya juya fuskarsa bango. Haka yake yi tun da muka dawo da shi daga asibiti da shanyewar ɓarin jiki. Sau ɗaya ya gwada, a makon farko, abin da ya fito daga bakinsa ya fito, shi ma ya ji, daga nan ya kulle baki.

A bakin ƙofa ta ce mini, "Kin ga, harshen nan bai mutu ba, kuma duk abin da ake faɗa yana ganewa. Ƙi yake yi. In har ƙarshen wata bai yarda ya gwada ba, dole in ba wani lokacinsa, akwai masu jira. Kuma irin wannan, in ya daɗe a rufe, buɗewarsa wuya."

Ita ce ta ce tun makon jiya a nemo masa abin da hannunsa ya sani. To ni na ga hannun. Na hagun, mai lafiyar, kullum yatsu biyu suna zagaye a kan bargo. Yaya ya ce ciwo ne. Ni na san wannan zagayen tun ina tsaye a bayan kujerarsa ina kallon faifai.

A ƙasan gadonsa akwai kwali mai faifai ashirin da uku. Kusan duk na aiki ne, sai guda ɗaya da ya rubuta a jikinsa da hannunsa: AUTA. KADA A GOGE. Ni ce auta. Shekarata arba'in da huɗu ban taɓa jin abin da ke ciki ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na jona rikodar da wuta. Fitilarta ta kama, ciki ya yi gurnani, faifai ko motsi. Na kwance bayanta da sukudireban keke. Bel ɗin ya narke ya zama baƙin kwalta, ya manne ko'ina. Na lalata farce uku da tsumma huɗu. Amma na ga cikinta, kuma ban tsorata ba: mota, bel, taya, ramukan mai. Keken ɗinki ce da ta yi boko.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yaya ya zo, ya leƙa ɗakina, ya tsaya riƙe da ƙugu.

"Auta, mene ne wannan kuma?"

"Rikoda ce, Yaya."

"Na ga rikoda ce. Mutum yana kwance ba baki, ke kina can kina tara mana bola? Shagonki fa? Kayan mutane fa?"

Na ce kayan mutane ba su da ƙafa, za su jira. Ya ce ko muryar ake so ai akwai masu juye irin wannan a waya. Na ce ba muryar kaɗai nake so ba, so nake ya ga abin yana juyawa. Ya yi tsaki ya ce karambanina ne zai kashe ni. Ya shiga wajen Baba ya zauna minti goma yana ba shi labarin hanya da cunkoson motoci, da ƙarfi, kamar kunnen ne ya samu matsala. Yaya yana son Baba, ban ce ba ya so ba. Tsoro yake ji, shi kuma tsoronsa da faɗa yake fita.

Baba bai ce komai ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Asabar. Mako huɗu ke nan cif. Ba zan yi rubutu yau ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai ta wajen mai gyaran rediyo na bayan tasha, tsohon nan mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Da ya gan ta sai da ya miƙe tsaye. Ya shafa gefenta ya ce, "Ikon Allah. Ashe da sauranku a duniya."

Ya duba aikin da na yi a ciki ya tambayi wa ya goge kwaltar. Na ce ni. Ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora kan na ido ya kalle ni. Na ce tela ce ni, kuma 'yar mai haɗa sauti. Ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ya zazzage gwangwanaye uku kafin ya samo bel daidai ita. Ya nuna mini ƙananan ƙarafan nan masu sheƙi da zare ke gogawa a jikinsu, ya ce su ne kawunan, da su take ji. "Auduga da sifirit, kullum kafin ki kunna. Kada ki kusance su da ƙarfe. Tayar robar nan ma ki goge, amma kada mai ya taɓa ta. Mai ɗigo ɗaya a nan, ɗaya a nan. Na san ku teloli, komai sai kun yi masa wanka da mai."

Na ce ai mu ba mu taɓa narkar da bel ba.

Ya ɗora faifan kiɗan mai gwanjo, ya zura zaren, ya murɗa. Faifai biyu suka fara juyawa, allurar nan ta gaba ta yi tsalle, kiɗa ya cika shagon, garau, kamar masu busan suna bayan kanta. Mai sayar da taya na kusa ya leƙo. Ni kuwa na tafa hannu kamar yarinya, ban ji kunyar kowa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Faifan Baba ban kai shi can ba. Ba zan fara jinsa a gaban baƙo ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Likita ta zo ta tafi. Bango.

Na rufe ƙofata, na goge kawuna da sifirit, na ciro faifan Auta. A bakin zaren akwai wani jan ƙyalle na leda, tsawon kamu biyu, an liƙa shi da kyau, aikin Baba ne. Na ɗora a hagu yadda mai gyara ya yi, na zura, na murɗa.

Muryarsa ce. Ko a kasuwa na ji ta zan gane. Amma babu kalma ko ɗaya. Kowace magana sai ta taho a shaƙe kamar ana zuƙo ta ciki, ta kumbura, ta yanke. Akwai muryar mace ma, ita ma haka. Na canza gudu, na mayar, duk ɗaya. Na sa faifan kiɗa, garau. Na mayar da na Baba.

Irin abin da ya fito daga bakinsa ne a makon farko. Sak.

Na kashe. Na naɗe zaren ya koma faifansa yadda na same shi, jan ƙyallen a waje, na sa a kwali. Na daɗe zaune a ƙasa.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe tara na safe

Har faifan ma.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na gwada faifai shida cikin na aikin. Duk haka suke, duk da jan ƙyalle, duk a shaƙe. Na kira mai gyara a waya na ce zaren yana magana kamar mai shaƙuwa. Ya ce tunda na kiɗa yana yi, ba laifin rikoda ba ne, tsohon zare in ya sha zafi da laima yakan lalace, in kawo ya ji. Na ce to. Ban kai ba. Ba na son wani ya ji Baba a haka, ko a faifai.

Na sake goge kawuna. Na goge taya. Na sake gogewa. Audugar tana fita fara tas, ni dai ina ta gogewa.

Yaya ya kira ya ce, "Yaya bolarki, ta yi magana?" Na ce tana nan tafe. Ya ce sauran kwana nawa likita ta ce? Na ce ya san lissafi ai.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe goma na safe

To bari in rubuta, tunda littafin nawa ne.

Baba mutum ne mai magana. A wajen aiki shekara talatin da ɗaya yana bayan gilashi shiru yana gyara muryar wasu, in ya dawo gida sai ya fanshe a kanmu. Tun rasuwar Mama kuma ni kaɗai ce kunnensa. Ran Asabar ɗin nan ya zo shagona da safe ya zauna a benci, ina yankan wani yadi mai tsada na mutane, yana ba ni labarin wani tsohon shiri da na ji sau ɗari. Almakashi ya kauce. Na juyo na ce, "Baba, don Allah ka yi shiru!"

Ya yi shiru. Ya ɗauki hularsa ya tafi gida. Da la'asar maƙwabci ya kira ni, wai Baba ya yanke jiki ya faɗi.

Likitan asibiti ya ce abin ya daɗe yana taruwa a jijiya, ba ruwan kowa. Na ji. Amma maganar ƙarshe da ya ji daga bakina yana da baki ita ce wannan, kuma ga shi yana bin umarnina mako biyar. Yaya bai sani ba. Babu wanda ya sani sai ni da shi.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Bango. Likita ta dafa kafaɗata ba ta ce komai ba. Ita ma ta koya.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Sai na rubuta wannan tun da zafinsa.

Da hantsi na ce bari in gwada sau ɗaya na ƙarshe kafin in rufe rikodar da zane. Zafi ya sa na bar ƙofata a buɗe, na manta ta Baba ma a buɗe take. Muryar nan ta fara shaƙewa. Sai na ji ƙwanƙwasa. Cokali ne a jikin ƙarfen gado, kwam, kwam, kwam. Na kashe da sauri na ruga ɗakinsa. Na ce, "Baba yi haƙuri, ba zan ƙara ba." Ya zaro mini ido ya ƙara buga cokalin, ya nuna ƙofa, ya yi zagayen nan da yatsu biyu.

Na kinkimo ta na dire a teburin gefen gadonsa, na ture kwalaben magani. Ya daɗe yana kallonta. Ya miƙa hannu ya taɓa kawunan da bayan yatsa, ya duba yatsan, ya shinshina. Ya gyaɗa kai. Wallahi ko shaidar makaranta ban taɓa jin daɗinta kamar wannan gyaɗa kan ba.

Na naɗe zaren ya koma farko don ya ji daga tushe. Jan ƙyalle ya fito. Na kama zan zura, sai ya buge mini hannu. Ya ɗaga ƙyallen a gaban idona yana kaɗawa. Na ce, "Eh Baba, ja ne, na gani." Ya nuna faifan, ya nuna sandar dama da ake ɗora faifai a kai. Na ɗauka so yake in matsar da rikodar, na matsar. Ya buga katifa. Na ɗauka ƙara yake so, na murɗa ƙara. Fuskarsa ta yi jawur, leɓensa yana rawa, wuyansa ya kumbura, na ce shi ke nan na sake jawo wani abin.

"Sakarya!"

Da ƙyar ta fito, gefe ɗaya ta fito, amma ta fito da kowane harafinta.

Na juyo na kalle shi. Ya dafa sandar dama ya ce, "Nan." Ya ja numfashi, ya kaɗa jan ƙyallen. "Wutsiya."

Sai a lokacin kaina ya buɗe. Jan ƙyalle ba farkon zare ba ne, ƙarshensa ne. Su a gidan rediyo da wutsiya a waje suke ajiye faifai, sai ka ɗora shi a dama, ka naɗo shi baya zuwa fanko, sannan ka kunna. Kwana tara ina sauraron mahaifina daga ƙarshe zuwa farko ina kuka, kuma duk lokacin da na gama sai in mayar da zaren tsaf yadda na same shi, don ni mai tsari ce. Ko sau ɗaya da na yi ƙiwa na bar shi a ɗaya faifan na juya, da tuni na ji.

Na ɗora a dama, na naɗo. Koren ƙyalle ya fito a ɗaya bakin. Ya ɗaga yatsa kamar yadda yake yi wa masu karanta labarai ta bayan gilashi, ya sauke. Na murɗa.

"Gwaji, gwaji. Yau Auta tana da shekara uku da wata biyu, har yanzu ba ta ce uffan ba. Zama na goma sha tara. Auta, ce ruwa. Ru-wa."

Saurayin murya, mai santsi. Can baya sai ga Mama, Mamata da rabona da muryarta shekara tara, tana cewa, "Kai dai ka bar yarinyar nan ta huta, in ta ga dama za ta yi."

"Ba zan bari ba. Auta, ce kofi. Ce ƙofa. Ce kujera. Kin ga kujera? Wannan kujerar da kike gani, ranar da na sayo ta..."

Ya kama labarin kujera. Ya yi minti biyar yana yi, har da mai shagon da ruwan saman da aka yi ranar. Sai wata 'yar murya, ƙarama, a fusace, daf da makirfo:

"Baba, yi shiru."

Faifan ya yi tsit na daƙiƙa biyu. Sai ihu. Kujera ta faɗi. "Kin ji? Kin ji? Kalma uku! Ta ce in yi shiru! Auta, sake faɗa! Don Allah sake faɗa!" Mama tana dariya har da tari.

Ban san lokacin da na durƙusa a gaban gadon ba. Na ce, "Baba, ranar nan a shago..." Ya ɗora hannu a kaina, kafaɗunsa suna girgiza. Na ɗago a tsorace. Dariya yake yi, da rabin fuska, hawaye yana bi ta kunnensa.

An zage ni yau, kuma ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Likita ta fito da hoton kofi. Ya kalle ta, ya kalli rikoda, ya ce, "Kofi," kamar wanda aka raina wa hankali. Ta kusa yar da jakar. Ta ajiye hotunan ta ce ya koya mata sunayen kayan rikodar. Kalma tara yau. Wasu sun fito a karkace, ya ji, ya ɓata rai, ya sake. Ta ce lokacinsa nasa ne, babu wanda za a ba.

Na bi ta har bakin titi ina yi mata godiya, sai da na dawo na ga ashe ba takalmi a ƙafata.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ya zo. Ban gaya masa komai a waya ba, na bar gani ya kori ji. Ya shiga da labarin cunkoson motoci da ƙarfinsa, Baba ya ɗaga hannu ya ce, "A hankali." Yaya ya nemi kujera ya zauna. Da muryar Mama ta fito ya tashi ya fita tsakar gida, ya daɗe yana duba tayar motarsa da babu abin da ya same ta.

Da zai tafi ya ce, "Wannan bolar taki, me take buƙata?" Na ce sifirit da auduga. Ya dawo da kwalba biyar da auduga ta cika leda, kamar za mu buɗe asibiti.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na koma shago rabin yini. Kafin in fita, sai na goge kawuna a gabansa, shi yana duba audugar. Jiya ya kama ni zan ɗiga mai na biyu, ya ce, "Tela!" Na kai wa mai gyara labarin wutsiya, ya cire tabarau duka biyun ya ce shekara hamsin yana gyaran rikodar gida ba ta gidan rediyo ba, ga abin da waya ta hana shi ji da kunnensa.

Maganar Baba ba ta dawo duka ba. Likita ta ce wataƙila ba za ta dawo duka ba. Hannun dama har yanzu yana kwance. Na sani, ba yaudarar kaina nake ba.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Asabar, kuma ga ni ina rubutu.

Ya ce, "Kunna." Na san wanne. Na ɗora a dama, na naɗo, kore ya fito, ya ɗaga yatsa ya sauke. Muka ji ruwa, muka ji kofi, muka ji labarin kujera tun daga mai shago har ruwan sama, yana bin wasu kalmomin da leɓe. Ni kuwa ina jiran wurin nan.

'Yar muryar ta ce, "Baba, yi shiru."

Ya miƙa hannun hagu da kansa ya tsayar da faifan. Ya juyo ya kalle ni sosai, ya gyara bakinsa, ya tattaro numfashi.

Ya ce, "Na ƙi."